Daga Abuja zuwa Shabu: Abin da iyaye za su tarar a wurin masu gyaran ɗabi'a

Da yammacin kowace Juma'a, bayan an tashi daga ofis, motoci kan yi jerin gwano daga Nyanya da Mararaba su nufi Keffi, su ratsa Akwanga da Nasarawa Eggon, kafin su iso Shabu, garin Sangari da ke bakin shiga Lafia. Tafiya ce ta kimanin awa uku idan hanya ta yi kyau. Da yawa daga cikin fasinjojin ma'aikatan gwamnatin tarayya ne da hadiman manya, waɗanda tsadar haya a Abuja ta sa suka bar iyali a gida, sai ƙarshen mako ko ƙarshen wata su leƙo.

A ƙaddara ɗaya daga cikinsu yana da ɗa mai shekara biyar wanda har yanzu bai buɗe baki ba. Da zarar injin niƙa na maƙwabta ya tashi, sai yaron ya toshe kunne ya yi ta tsala ihu. Idan aka ce ya yi wanka, sai ya ciji hannunsa har ya yi jini. Makaranta ta dawo da shi sau biyu. Kakarsa ta ce shafar aljanu ce, maƙwabta sun ce sangarta ce, uwar kuwa ta gaji har ta daina fita biki. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an kuma yi duka. A ƙarshe wata ma'aikaciyar jinya ta ja uwar gefe ta ce a kai shi wurin ƙwararru masu gyaran ɗabi'a.

Uban ya amince nan take, amma hoton da ke ransa irin na kai mota gareji ne: a biya kuɗi, a bar ta, a dawo a tarar an gyara. A nan ne iyaye da yawa ke yin tuntuɓe, su yanke ƙauna bayan zuwa biyu ko uku. Wannan aiki yana tafiya ne a hankali, ana auna shi a rubuce, kuma mafi yawansa a tsakar gida ake yinsa, a hannun waɗanda ke kwana da tashi tare da yaron. Wanda ya san haka tun farko zai fi daɗewa a kan hanya.

Su wane ne masu wannan aiki

A bakin jama'a duk sunansu ɗaya, wato likitan ƙwaƙwalwa, amma aikinsu ya bambanta. Likitan ƙwaƙwalwa na ainihi cikakken likita ne da ya ƙara ƙwarewa a fannin, kuma shi ke da hurumin tantance larura da rubuta magani. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti yana yin gwaje-gwajen fahimta da ɗabi'a, yana kuma yin jinya ta hanyar tattaunawa da horo. Ƙwararren gyaran magana yana koya wa yaro isar da buƙatarsa, ko da baki, ko da nuni, ko da hotuna. Akwai kuma mai koyar da ayyukan yau da kullum, kamar cin abinci da sa tufafi da shiga bayi da riƙe fensir. Sai jami'in walwalar jama'a da ke duba halin da gida yake ciki, da malamin ilimi na musamman da ke ɗaukar nauyin aji.

Likitoci suna ƙarƙashin hukumar MDCN, masu gyaran magana da masu gwajin ji da masu koyar da ayyukan yau da kullum kuma suna rajista da hukumar MRTB. Ba rashin kunya ba ne uba ya tambayi wanda zai damƙa wa ɗansa inda ya yi karatu da hukumar da ta ba shi lasisi.

Sai dai ƙwararrun sun yi ƙaranci ƙwarai. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha kokawa cewa mambobinta da ke aiki a cikin ƙasar ba su kai 300 ba, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 200, kuma akasarinsu suna manyan birane. Saboda haka iyalin da ke Shabu su sa ran doguwar tazara tsakanin ganin ƙwararre na yau da na gaba. Wannan tazara ita ce dalili na farko da ya sa nauyin aikin ke komawa gida.

Ranar farko: tambaya ta fi allura yawa

Zaman farko kan ɗauki awa ɗaya ko fiye, kuma sau da yawa ana tashi ba a rubuta ko ƙwaya ɗaya ba. Za a tambayi uwa yadda ta yi goyon ciki, ko naƙuda ta yi tsawo, ko jaririn ya yi kuka da aka haife shi, ko ya yi shawara mai tsanani a makon farko. Za a tambayi lokacin da ya zauna, ya yi rarrafe, ya taka. Za a bincika ko ya taɓa yin sanƙarau ko ƙyanda ko zazzaɓi mai haɗe da jijjiga, da yadda yake barci, da abin da yake ci da wanda yake ƙi. Ƙwararren zai zuba wa yaron ido yana wasa: ko yana waiwayowa idan an kira sunansa, ko yana nuna abu da yatsa, ko yana haɗa ido da mutane.

Don haka wanda ya fi sanin yaron shi ya kamata ya je, ko uwa ce, ko kaka, ko yayar da ke goya shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A riƙo katin rigakafi da tsofaffin takardun asibiti da duk wani magani da yake sha, na bature da na gargajiya. Gajeren bidiyo da aka ɗauka da waya a lokacin da abin ya motsa ya fi dogon bayani amfani, domin yaro kan natsu a gaban baƙo kamar ba shi ba.

Abu ne mai yiwuwa a fara tura shi gwajin ji. Yaron da ba ya ji da kyau ba zai yi magana da kyau ba, kuma takaicin rashin fahimtarsa kan fito a matsayin faɗa da taurin kai. A yankin da sanƙarau da zazzaɓin Lassa suke, wannan gwaji ba na jeka-na-yi-ka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka tashi daga ciwon Lassa kan sami matsalar ji. Haka kuma za a duba ko akwai farfaɗiya, domin takan zo tare da wasu larurorin tasowar yara.

Sunan larurar ba lallai ne ya fito a ranar ba. Yana iya zama galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, larurar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa tana shafar kusan yaro ɗaya cikin 100. Yana iya zama jinkirin fahimta, ko larurar rashin natsuwa da yawan ƙiriniya, ko tasirin wani firgici da yaron ya gani. Ƙwararren kirki zai gwammace ya sake ganinsa sau biyu ko uku da ya yi masa laƙabi a gaggauce. Alamomin da bai kamata a jira su wuce da kansu ba sanannu ne: yaro ya kai wata 12 ba ya gwaranci ko nuni, ya kai wata 16 ba kalma ko ɗaya, ya kai shekara 2 ba ya haɗa kalma biyu, ko kuma ya rasa maganar da ya riga ya fara.

Kowace ɗabi'a akwai abin da take nema

Ginshiƙin gyaran ɗabi'a fahimta ce mai sauƙi: abin da yaro ke maimaitawa yana biya masa wata buƙata. Masana sun tattara buƙatun zuwa huɗu. Ko dai yana neman a kula shi, ko yana gudun wani abu da ke damunsa, ko yana son wani abu a hannunsa, ko kuma jikinsa ne ke jin daɗin motsin ko ƙarar. Ihu iri ɗaya na iya fitowa daga kowanne cikin huɗun, kuma maganin kowanne daban.

Hanyar gano wanne ne ita ce rubutu. Za a ba uwa aikin da ma'aikacin gwamnati zai gane da kallo ɗaya, domin fayil ne za a buɗe wa yaron. A sami littafi a ja layi uku: abin da ya faru kafin ɗabi'ar, ita kanta ɗabi'ar, da abin da mutanen gida suka yi bayanta. Bayan mako ɗaya ko biyu sai tsari ya bayyana. Ihun lokacin niƙa gudun ƙara ne, don haka sai a shigar da shi ɗaki na can ciki kafin a tayar da injin, ko a sama masa abin toshe kunne. Cizon hannu lokacin wanka kuwa wataƙila an saba fasa wankan da zarar ya ciji kansa, ya koyi cewa cizo na kuɓutar da shi. Ihun dare kuma yana ƙarewa ne da an miƙa masa waya.

Daga nan sai a zauna a rubuta tsari. Tsari mai kyau yana ɗaukar ɗabi'a ɗaya ko biyu kacal a lokaci guda, yana faɗin abin da za a canza a muhallin yaron, da sabuwar hanyar da za a koya masa ta neman abin da yake so, da yadda za a saka masa nan take idan ya bi ta. Yaron da ba ya magana za a iya koya masa miƙa hoton kofi idan yana jin ƙishi. Ladan ba sai na kuɗi ba: tafi, ko yabo, ko 'yar gyaɗa, ko minti biyu na wasan da ya fi so. Duka ba ya cikin tsarin. Bulala na iya tsayar da ihu na ɗan lokaci, amma ba ta koya wa yaro abin da zai yi a madadinsa, tana kuma ƙara masa tsoron mutanen da ya kamata ya koya daga wurinsu.

Wani abu da ya kamata a faɗa wa iyaye tun da wuri shi ne lamarin kan tsananta kafin ya lafa. Ranar da aka daina miƙa waya saboda ihu, ihun zai ƙaru, kamar yadda mutum ke ƙara ƙarfin ƙwanƙwasa ƙofar da ya saba a buɗe masa. Idan uwa ta daure amma kaka ta ji tausayi ta miƙa, yaron ya koyi cewa ihu mai ƙarfi ne ke aiki. Irin haka kan faru da uban da ya iso daren Juma'a da tsaraba da marmarin ɗansa, ya rushe a kwana biyu abin da aka gina a kwana biyar. Dole gida ya zama baki ɗaya, har da malamin makaranta da na Islamiyya.

Ci gaban da za a sa rai kuma ƙanana ne masu ƙidayuwa. Cizo ya ragu daga sau goma a rana zuwa sau uku. Yaro ya zauna minti biyar a tabarma ya ci abinci. Ya waiwayo da aka kira shi. A watanni ake ganin irin wannan, kuma littafin nan ne zai nuna shi a ranar da zuciya ta karaya.

Magani da addu'a

Babu ƙwayar da ke warkar da galahanga. Likita na iya rubuta magani don farfaɗiya, ko rashin barci, ko tsananin faɗa da cutar da kai. Irin waɗannan magunguna suna da illoli kamar yawan barci da ƙiba, don haka akan fara da kaɗan, a riƙa bibiya. Haƙƙin iyaye ne a bayyana musu amfanin kowane magani da illarsa da tsawon lokacin shansa. Kuskure ne babba a tsayar da shi dare ɗaya ba da sanin likita ba, musamman na farfaɗiya.

Addu'a kuwa babu ƙwararren da zai hana. Liman ko fasto na iya zama babban mataimaki, musamman wajen kwantar wa uwa da hankali da cire wa dangi zargin cewa laifinta ne. Abin da ake buƙata shi ne gaskiya: a faɗa wa likita duk jiƙo ko garin magani da ake ba yaron, domin wasu ba sa jituwa da na asibiti.

Idan babba ne

Ba yara kaɗai wannan hidima ta shafa ba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin UNODC a 2018 ya nuna cewa mutum miliyan 14.3, wato kashi 14.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64, sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. Ga kuma ciwon damuwa da fargaba, waɗanda ba su bar shi kansa ma'aikacin da ke kwana shi kaɗai a ɗaki guda a Mararaba ba.

Ga babba, jinyar ta fi karkata ga tattaunawa. Mafi shahara ita ce hanyar gyaran tunani da ɗabi'a da likitan Amurka Aaron Beck ya assasa a shekarun 1960. Akan zauna kusan awa ɗaya a mako, na tsawon makonni ko 'yan watanni, ana bin tunanin da ke jefa mutum cikin ƙunci ana gwada shi da zahiri, ana kuma ba shi aikin gida. Maganin ciwon damuwa kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin tasirinsa. A fannin shaye-shaye kuwa, wanke jiki daga ƙwaya matakin farko ne kawai, kuma komawa ruwa bayan an daina abu ne da masu jinya suka sani suke kuma yi wa tanadi. Abin da aka faɗa a ɗakin sirri ne, ba a kai wa shugaban ofis ko dangi, sai fa idan rai na cikin haɗari.

Haƙƙi da alamun haɗari

A watan Satumban 2019 'yan sanda suka kuɓutar da mutum fiye da 300 daga wani gidan mari a Rigasa da ke Kaduna, wasunsu da sarƙa a ƙafa. Makonni kaɗan bayan haka aka bankaɗo irinsa a Daura. Da yawa daga cikin waɗanda aka samu a ciki iyayensu ne suka kai su, suna biyan kuɗi, da niyyar gyara. Darasin shi ne kyakkyawar niyya ba ta isa kariya ba idan aka miƙa mutum aka juya baya.

Doka ta canza tun daga lokacin. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ta tanadi haƙƙin mai larura na a mutunta shi, a nemi yardarsa, a tsare sirrinsa, a kuma kare shi daga wariya da azabtarwa. Kafin ita, a Janairun 2019, an sa hannu a dokar hana nuna bambanci ga masu buƙata ta musamman, wadda ta haifar da hukumarsu ta ƙasa.

Iyaye su ja da baya daga duk wurin da ya yi alkawarin warkarwa a kwanaki ƙidayayyu, ko ya hana su ganin yadda ake aiki da ɗansu, ko ya ƙi ba su tsari a rubuce, ko yake amfani da duka da ɗauri da horon yunwa, ko ya ce a zubar da maganin asibiti.

Inda za a nufa

Ga mazaunin Shabu, ƙofar farko ita ce asibiti mafi kusa, inda za a duba lafiyar jiki a ba da takardar turawa zuwa babban asibitin da aka fi sani da Dalhatu Araf a Lafia, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Keffi. A Abuja akwai sashen kula da ɗabi'a na Babban Asibitin Karu da kuma Asibitin Ƙasa. Ana kuma zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna. A ɓangaren karatu, Lafia na da makarantar yara masu buƙata ta musamman da gwamnatin Umaru Tanko Al-Makura ta gina, wadda Shugaba Buhari ya buɗe a Fabrairun 2018.

Ma'aikacin tarayya yana da wata dama a hannunsa. Inshorar lafiya ta NHIA ta ƙunshi shi da matarsa da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, kuma ganin ƙwararre na buƙatar takardar turawa da lambar amincewa daga kamfanin da ke kula da inshorarsa. Ya kyautu ya tabbatar asibitin da ya zaɓa wa iyalinsa na kusa da inda suke zaune ne, ya kuma tambaya a rubuce waɗanne hidimomi inshorar ta ɗauka kafin a fara. Kuɗin mota da na zaman gyaran magana a wuraren kuɗi sukan fi na magani cin aljihu, don haka gara a nemi ƙwararren ya koya wa uwa abin da za ta yi a gida, a riƙa bibiya ta waya tsakanin zuwa da zuwa.

Wannan tsari na sa dangi a tsakiyar jinya ba baƙo ba ne a Najeriya. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara shi a Aro kusa da Abeokuta, inda marasa lafiya ke zama a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowanne da ɗan uwansa, suna zuwa jinya da rana. Tsarin ya yi suna a duniya, shi kuma Lambo ya kai matsayin mataimakin babban daraktan Hukumar Lafiya ta Duniya.

Abin da ya rage wa uban da ke Abuja bai fi ƙarfinsa ba. Ya nemi hutun uzuri ya halarci zaman farko da ranar rubuta tsari. Ya kira gida kowane dare ya tambayi abin da aka rubuta a littafi, ya kuma tambayi uwar yaron yadda ita kanta ta yini. Ya zauna da mahaifiyarsa cikin ladabi ya bayyana mata dalilin da ya sa ba za a miƙa waya ba ko da jikanta ya yi kuka, domin magana irin wannan daga bakin ɗa ta fi karɓuwa a kan daga bakin suruka. Idan ya sauka a Shabu ranar Juma'a, ya fara duba littafin kafin ya buɗe jakar tsaraba, sannan ya karɓi yaron na awa biyu ranar Asabar domin uwar ta samu ta leƙa kasuwa ko gidan 'yan uwanta.